Lambatun Baba Kwalbati

Shekara talatin da huɗu Baba Kwalbati ya yi yana korar ruwa. Aikinsa ke nan a sashen magudanan ruwa na hukumar gari. Inda duk ruwa ya kwanta sai a kira shi, ya zo da turakunsa da igiyarsa da wani dogon tiyo garai-garai da yake cikawa da ruwa don ya gane inda ƙasa ta fi gangara. Kafin mako ya zagayo wurin ya bushe ƙayau. Ba injiniya ba ne, ko sakandare bai gama ba, amma injiniyoyi masu hular kwano da takardu a hammata sukan tsaya su ji ta bakinsa kafin su ja layi. Sunansa na yanka ya ɓace a ofis tun yana saurayi. Ranar da ya yi ritaya, mai karanta takardar sallama sai da ya ɗaga kai ya tambayi wane ne wannan, aka ce masa ai Kwalbati ne, ɗaki ya ɗauki dariya.

Mutum ne da ba ya iya ganin ruwa a kwance ya wuce. Ko gaisuwa ya je gidan mutane ya ga ruwan wanke-wanke ya taru a tsakar gida, ana tsakiyar magana za ka ga yana ja masa hanya da dugadugin takalmi. Mai ɗakinsa, Allah ya ji ƙanta, ta sha cewa da za a bar shi da teku, da ya nemi inda zai juye shi.

Ta rasu shekara biyu bayan ya ajiye aiki, ta bar shi a ɗaki biyu da falo a ƙasan bene na ƙarshe a rukunin gidajen ma'aikata. Filin da aka gina rukunin fadama ce a da, kuma da hannunsa ya busar da ita. Abin da ya tsira shi ne wani yanki a bayan katanga, wanda aikin bai kai gare shi ba saboda an canza shugaban hukuma. Can ne har yanzu ciyawar ruwa ke kai wa mutum ƙirji, da ɗan tafki a tsakiya da tsuntsaye ke sauka.

'Yarsu ɗaya ce, nas a wani gari mai nisan yini guda a mota. Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Takan kira shi ranar Lahadi da rana, ana jin ana tura gadon marasa lafiya a bayanta. Sauran kwana shida sai rediyo. Da farko yakan yi musu da mai karanta labarai, ya gyara wa mai hasashen yanayi, daga baya ya gaji ya daina. Maƙwabta ba mugaye ba ne, matasa ne masu fita da sassafe su dawo a gajiye, gaisuwa ce a bakin matakala shi ke nan. Akwai ranar da ya shiga kanti sayen sabulu, ya buɗe baki murya ta ƙi fita, sai da ya yi gyaran murya sau biyu. A nan ya tuna tun shekaranjiya bai yi magana da ɗan Adam ba. Ya karɓi sabulunsa ya koma gida, ya zauna a bakin gado ya daɗe bai cire takalmi ba.

Ciwon baya ne ya kai shi yoga. Likita ya duba hoton ƙashin ya ce shekarun shebur ne suka fara magana. Ya rubuta magani, sannan ya ce akwai wata da ta yi aiki da su a sashen gashin ƙashi, tana koyar da yoga a bayan rukunin gidajensu.

"Yoga kuma, likita? Da furfurata zan je ina naɗa ƙafa a wuya?"

"Miƙa ce da numfashi, Baba. Ka je sau uku, in bai yi maka ba ka dawo ka zage ni."

Ya je don ya samu bakin zagin likita. Malama, mai koyarwar, mace ce siririya mai sanyin murya da ba ta kai sa'ar 'yarsa ba. Talata da Alhamis da Asabar, da hantsi, takan tara mutum tara a wani ɗan fili a bakin fadamar, maza gefe mata gefe, kowa da 'yar tabarmar robarsa. Ta ce ta zaɓi wurin ne don mutumin da ya yi rayuwarsa a kan siminti yana bukatar ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Baba Kwalbati ya dubi wurin da idon aiki, ya ga gangararsa ta yi yamma.

Cikin ɗaliban akwai tsohon Hedimasta mai hawan jini da yawan surutu, akwai Mai Kemis, wata mata mai jiki da ba ta taɓa zuwa ba tare da ƙorafi ba. Ranar farko Malama ta ce kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya ya ɗaga hannuwa sama. Baba Kwalbati ya yi tangaɗi ya kama kafaɗar Hedimasta, suka zube tare.

"Malam, ni ba katanga ba ne," in ji Hedimasta daga kwance. "Wane ne kai ma tukuna?"

"Kwalbati."

"Shi ya sa ka iya kwanciya a ƙasa."

Rabon da wani ya tsokane shi har ya manta. Da ya koma gida ya kama kansa yana maimaita maganar yana murmushi shi kaɗai a gaban tukunyar shayi.

Ciwon bayan ya yi sauƙi, amma ba shi ne ya riƙe shi ba, kada mu yi wa juna ƙarya. Abin da ya riƙe shi shi ne rabin awar da ke biyo baya, lokacin da ake zama a kan wani faɗaɗɗen gungume ana zagaya filas. A nan ake jin wanda jikansa ya yi haƙori da wanda sukarinsa ya hau. A nan in bai zo ba ranar Alhamis, ranar Asabar a tambaye shi lafiya. Uwata ta ji canjin a muryarsa tun mako na biyu, ta ce, "Baba, wallahi yanzu ne hankalina ya kwanta."

Akwai kuma minti goman ƙarshe, da Malama ke sa su kwanta rigingine su rufe ido, kowa ya bi numfashinsa. Shekara talatin da huɗu yana shiga fadama, amma kullum da ƙarar injin zuƙo ruwa da ihun lebura. Bai taɓa sanin cewa ciyawa na da sauti iri-iri ba, ko cewa ƙasar wurin tana lotsawa a ƙarƙashin mutum ta dawo kamar katifa. Wani lokaci tsuntsu kan wuce ƙasa-ƙasa har ya ji iskar fukafukinsa a fuska. Bai gaya wa kowa ba, amma a waɗannan mintuna ne kaɗai yake tuna mai ɗakinsa ƙirjinsa bai yi nauyi ba.

Matsalar wurin ɗaya ce, damshi. Ka kwanta minti biyar, ruwa ya tsattsafo ta gefen tabarma. Da damina ta kankama, Mai Kemis ta fara zuwa da leda tana shimfiɗawa tana mita, mutum biyu suka daina zuwa. Wata Asabar a kan gungume Malama ta ce in abin ya ci gaba haka, akwai wani ɗakin taro a tsakiyar gari da aka ce za a ba ta, dole su koma can.

Baba Kwalbati ya auna maganar. Duk sauran suna da mota ko mai kawo su. Shi taku ɗari biyu ne daga ƙofarsa zuwa nan, kuma tsakiyar gari sai an hau mota biyu. Ya dubi ruwan da ke kwance a gindin gungumen, ya ji abin da ya saba ji shekara da shekaru, wato haushi da ƙaiƙayin hannu.

Washegari ya fito da tiyonsa daga ƙarƙashin gado. Kwana huɗu ya yi, yana yi yana hutawa saboda baya. Ya haƙa lambatu mai tsawon taku sittin, daga bayan filin ya zagayo ya faɗa babbar magudanar rukunin gidaje ta ƙarƙashin katanga. Gefe da gefe a gyare, gangara daidai wa daida, ko ɗigo ba ya tsayawa a hanya. A gaskiya aiki ne mai kyau, duk wanda ya san aikin zai tsaya ya kalla. Ranar Alhamis ɗalibai suka tarar da fili busasshe. Mai Kemis ta kwanta ta tashi ta shafa bayanta, ta ce yau ba ta da abin cewa, Hedimasta ya ce a rubuta ranar. Malama ta yi masa godiya har da ɗan rusunawa. Daga ranar suka koma kiransa Injiniya, shi kuwa yana cewa su bari yana jin daɗi.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ya gani tun rasuwar mai ɗakinsa. Ɗalibai suka kai goma sha huɗu. Har sabuwar riga ya saya.

Da rani ya yi nisa sai ƙasa ta daina lotsawa. Ta yi tauri, ta tsattsage, in ka taka baƙar ƙura ta tashi. Ciyawa ta yi ja tun daga filin har kusa da tafki, tafkin kuma ya ja baya ya bar laka. Saiwoyin wata bishiya da ke gefe suka fito fili, alamar ƙasar ta zauna da kusan taƙi guda. Sauran sun ɗauka rani ne kawai. Shi ya san ba rani ba ne, don ko a tsakiyar zafin nan lambatunsa bai daina tsiyaya ba, siririn ruwa mai kalar shayi yana ta tafiya dare da rana. Ya sani, sai dai ya riƙa shimfiɗa tabarmarsa ta inda ba zai fuskanci wajen ba.

Wata Laraba yana share ganyen da ya toshe lambatun sai ga wata mata da takalmin ruwa da littafi a hannu tana bin gefensa tana dubawa. Ya taɓa hangenta daga nesa. Ita ce mai zuwa duk wata daga jami'a tana auna ruwa a wasu fararen bututu da aka kakkafa cikin fadamar, mutanen rukunin suna ce mata Mai Awo.

"Sannu da aiki, Baba. Wanda ya haƙa wannan ya san hannunsa."

"Ni ne," ya ce, yana gyara tsayuwa.

Ta dube shi, ta dubi lambatun, ta sauke numfashi. Ta ce wata takwas ke nan ruwan bututunta yana sauka ta rasa dalili. Sannan ta durƙusa ta cusa hannu a bangon ramin, ta ɓantaro baƙar ƙasa ta murje a tafinta. Ga zare-zaren ciyawa da guntun ganye a ciki, ba su ruɓe ba.

"Baba, ganyen nan ya girmi kakan kakanka. Wannan ba ƙasa ba ce irin ta gona. Ciyawa ce da ta mutu ta kwanta a kan ciyawa, shekaru dubbai, ruwa ya rufe ta iska ba ta taɓa ta. Duk kabon da ta zuƙa daga sama tana raye yana nan a ajiye a cikinta. Ranar da ruwa ya janye sai ta fara ruɓewa, ta mayar da shi sama, shi ne iskar da ke ƙara wa duniya zafi. Abin da aka yi shekara ɗari ana tarawa, rani biyu ya isa ya tafi. Kuma in ta bushe sosai wuta takan kama ta ta ƙarƙashi."

Bai fahimci komai game da kabon ba, amma maganar wuta ta same shi. Lokacin da suka busar da filin da gidansa yake kai, ƙasa ta yi wata guda tana hayaƙi ba a ga harshen wuta ba. Suka ɗora wa wani lebura mai shan taba, aka kore shi. Baba Kwalbati ya jingina da sheburinsa.

"To yanzu me za a yi, 'yata?"

"A toshe shi, ruwa ya dawo. Zan rubuta wa hukuma, amma ka fi ni sanin hukuma."

Ya fi ta sani. Kafin takarda ta tashi daga tebur zuwa tebur, an yi rani biyu.

Mako uku ya yi bai gaya wa kowa ba. Yana zuwa, yana miƙa, yana shan shayi, yana dariyar Hedimasta, amma a minti goman ƙarshe ba ya iya rufe ido. Ƙasar tana masa tauri a baya, kuma ya san wanda ya mayar da ita haka. Ya auna ta kowace fuska. A toshe rabi? Ruwa bai san rabi ba. A ɗaga filin da yashi? Yashin zai danne abin da ake son ceta. Ga kuma ɗaya gefen a fili: ranar da ruwa ya dawo, ranar ajin zai tashi, shi kuma ya koma wa rediyonsa. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ce masa mai ɗakinsa ba za ta tashi ba, don a lokacin bai san yadda kaɗaici yake ba tukuna.

Wata Asabar a kan gungume, kofi a hannunsa, ya faɗa musu abin da Mai Awo ta ce, da kuma cewa zai toshe lambatun. 

"Kwalbati," in ji Hedimasta, "kai da ka busar da rabin garin nan, wannan ɗan tafin hannu ne zai sanyaya duniya?"

"Ban sani ba. Wancan ba zan iya mayar da shi ba. Wannan zan iya."

"Sauro kawai za ka dawo mana da shi," in ji Mai Kemis.

Malama ta dubi tsagar ƙasar da ke gaban ƙafarta. Ta ce ita ma ta ga ciyawar ta mutu, ta kawar da kai don ajin ya cika. Ta ce, "Baba, ba zan ce maka kada ka toshe ba. Amma ba zan iya kwantar da masu ciwon gwiwa a cikin ruwa ba. In ya dawo sai mu koma ɗakin taron." Ta faɗa a hankali, ta kuma ƙara da cewa ai zai riƙa zuwa can. Ya ce in Allah ya so.

Bai taɓa tare ruwa ba a rayuwarsa, sai ya tarar ya fi korarsa wuya. Ya kafa katako a wuri uku, taku ashirin-ashirin, ya daddanne bayan kowanne da baƙar ƙasar da ya tono bara, yana kirɓawa da ƙafa. Sanin da ya yi wa ruwa ne ya taimake shi, don ya san ta inda zai sulale ya zagaya, ya riga shi can ya tare. Kwana tara ya yi. Hedimasta ya zo sau ɗaya ya riƙe masa katako yana ba da umarni, ya ce hawan jininsa ba zai bar shi ya ƙara ba.

Ruwan farko bai nuna komai ba, ƙasa ta shanye. A na huɗu ne filin ya tsattsafo. Asabar ɗin da ta biyo baya aka yi aji a tsaye, kowa da takalminsa, aka sha shayi a gaggauce, Mai Kemis ta ba shi ragowar sukarin ta ce ya ajiye. Babu wanda ya yi fushi da shi, kuma wannan ya fi masa ciwo. Aka yi musabaha, motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Ya je ɗakin taron sau ɗaya. Motar farko ta makara, ta biyu ta tsaya shan mai, sannan ga matakala arba'in da bakwai. Ya isa yana haki ana naɗe tabarmi. Ɗaki ne mai madubi bango guda da fanka tana juyawa, ga sababbin fuskoki da yawa. Wani aji na jira a ƙofa, don haka babu zama. Hedimasta ya dafa kafaɗarsa ya ce a riƙa leƙo su, direbansa na jira a ƙasa. Baba Kwalbati ya sauko a hankali yana riƙe da ƙarfen matakala, bayansa ya yi kwana uku yana masa ciwo.

Yanzu shi kaɗai yake yi. Da hantsi yakan shimfiɗa tabarmarsa a kan simintin da ke gindin katanga, ya yi miƙar da ya haddace, wasu daidai wasu yadda ya tuna. Daga nan ya sa takalmin ruwa ya zagaya katakansa uku, inda ya ga yoyo ya danna ƙasa. Ciyawa ta yi kore shar, tafkin ya dawo har ya wuce inda yake a da. Mai Awo ta ce ruwan bututunta ya hau, ta rubuta a littafi, ta yi masa godiya ta shiga mota. Yana jin daɗin ganin wurin, wannan ba ƙarya ba ne. Kewar mutanen kuma ba ta ragu ba ko kaɗan.

Wata Lahadi yana tsaye a bakin katako na biyu, ruwa ya kai masa ƙwauri, waya ta yi ƙara a aljihunsa.

"Baba, ina wuni? Yaya bayan?"

"Da sauƙi, Uwata."

"Yaya mutanenka, su Hedimasta?"

Ya dubi inda suke jeruwa, ruwa ne kwance da inuwar gajimare a ciki. Bai taɓa yi mata ƙarya ba tun tana ƙarama.

"Suna nan ƙalau. Suna gaishe ki."

"Ina amsawa. An ba ni hutu wata mai zuwa, Baba. In na zo ka kai ni ajin naku in gan su, in yi musu godiya. Ba su san nauyin da suka sauke mini ba."

"To," ya ce. "Allah ya kawo ki lafiya."

Aka kira ta daga ɗakin marasa lafiya, ta yi sallama ta kashe. Ya daɗe da wayar a kunnensa kafin ya mayar da ita aljihu, sannan ya sunkuya ya ɗebo ƙasa ya danna a gefen katakon.